NMEA 0183, NMEA 2000, Ethernet ko Wi-Fi: wanne za ka shimfiɗa a jirgin ruwanka?

Wani abokina ne ya sayi jirgin ruwa na hannu a Legas, irin matsakaicin nan da ake ɗaukar ma'aikata da shi, ya kira ni in zo in duba masa wayoyi. Da muka buɗe ƙarƙashin sitiyari wallahi sai ka rantse taliya aka juye a wurin, ja da baƙi da rawaya duk sun cakuɗe, wasu an naɗe su da salatif wasu kuma a sake suke suna lilo. Akwai tsohon GPS, akwai rediyon VHF na magana da sauran jirage, akwai ma'aunin zurfin ruwa, shi kuma yana so ya ƙara sabon allon taswira da AIS, wato na'urar da ke nuna maka jiragen da ke kusa da kai. Mai sayar da kaya ya ce masa a tsige komai a sa NMEA 2000, mai gyaran wutar da ya saba da jirgin ya ce a bar tsohon tsari tunda yana aiki, ɗansa kuma ya ce ai yanzu komai Wi-Fi ne. To shi ne ya rasa na ɗauka, kuma na san ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ke da jirgi a Legas ko Fatakwal ko Tema ko ma a tafkin Kainji idan ya tashi ƙara na'ura sai ya ci karo da wannan tambayar.

NMEA dai sunan wata ƙungiya ce ta masu kayan lantarkin jiragen ruwa a Amurka, ita ce ke fitar da ƙa'idar yaren da na'urori za su riƙa magana da juna da shi, don GPS na wannan kamfani ya iya faɗa wa rediyon wancan kamfani inda jirgi yake.

Abin da za ka auna kafin ka fitar da ko sisi

Na farko kuma mafi girma shi ne irin bayanin da kake so ya riƙa yawo. Lambobi ne kawai, kamar inda kake da zurfin ruwa da gudun jirgi da yawan man da ya rage, ko kuwa har da hoto irin na rada, wato na'urar da ke hango abin da ke kewaye da jirgi ko da dare, da na na'urar neman kifi da kyamara? Lambobi ba su da nauyi, siririyar hanya ma ta ishe su, hoto kuwa sai babban titi. Mutane da yawa a nan suke yin kuskure, su sayi abin da zai ɗauki hoto alhali lambobi biyar kawai suke buƙata.

Sai kuɗi, kuma ba kuɗin ranar farko kaɗai ba, har da na ranar da za ka ƙara na'ura ta shida. Sai juriya, don ruwan gishiri ba ya wasa da tagulla, ga girgizar inji ga duka da jirgi ke sha a kan igiyar ruwa. Sai sauƙin haɗawa da gyara, wanda a wurinmu yana nufin wa zai iya taɓa abin idan ya lalace kana nesa da gari, kuma a ina za ka samu kayan canji, tunda yawancinsu sai an yi oda daga waje da dala. Na ƙarshe haɗari, shi kuma kashi biyu ne: idan abu ɗaya ya mutu me zai ja ya mutu tare da shi, sannan shin tsarin zai ɗaure ka da kamfani ɗaya har abada ko kana da 'yancin sayen na wanda ka ga dama.

NMEA 0183, tsohon da ya ƙi mutuwa

Tun 1983 aka fitar da shi kuma har gobe yana nan. Yadda yake aiki kamar aji ne, malami ɗaya yana magana ɗalibai suna sauraro. Na'ura ɗaya ce mai magana a kan layi, tana turo bayani ta wayoyi biyu, wasu 'yan na'urori kuma, uku ko huɗu haka a aikace, suna iya sauraron ta. Mai sauraro ba ya mayar da amsa ta wannan layin, idan ana so shi ma ya yi magana sai an ja masa nasa wayoyin biyu daban. Ka ga dalilin taliyar da muka tarar kenan.

Abin da nake so game da shi shi ne rubutu ne zalla wanda mutum zai iya karantawa da idonsa. Yawanci jimla tana farawa da alamar dala, sai haruffa biyu da ke nuna wa ke magana, sai uku da ke nuna irin maganar. Idan ka ga $GPRMC to GPS ne ke ba da wuri da lokaci da gudu, idan ka ga $SDDPT,4.2 to ma'aunin zurfi ne ke cewa mita 4.2 ne a ƙarƙashinsa. Jimla ba ta wuce harafi 82. Da laftof da 'yar wayar USB mai arha za ka ga komai yana gudu a allo, ka san nan take ko na'ura na magana ko ta yi shiru.

Matsalarsa gudu. Bit 4,800 yake turawa a sakan, wato kusan harafi 480, idan jimlolin dogaye ne bai fi guda shida a sakan ba. Ga GPS da zurfi ya isa, amma AIS a wuri mai cunkoso kamar mashigar Apapa inda jirage suka yi yawa ba zai shiga wannan 'yar hanyar ba, shi ya sa aka yi masa mai sauri na 38,400. Kuma a nan ne na taɓa ɓata rabin yini, na haɗa AIS da allo, waya daidai, wuta daidai, amma ko jirgi ɗaya bai fito ba, na kwance na sake ɗaurawa har sau uku ina ta gumi, ashe allon yana kan 4,800 ne AIS ɗin na kan 38,400, kamar kurma da mai saurin baki. Saitin da bai fi sakan goma ba.

Kuɗi: shi ne mafi arha nesa ba kusa ba, waya ce kawai da 'yan mahaɗai, sai dai ranar da kake so na'urori uku su yi wa allo ɗaya magana dole ka sayi akwatin da ke tattara maganganu ya jera su a layi ɗaya, irin su MiniPlex na ShipModul, shi kuma ba arha ba ne. Juriya: gwargwadon hannun wanda ya yi aikin ne, domin ba shi da wani mahaɗi na ƙa'ida mai hana ruwa shiga, tsirarar waya ce ake murɗawa ko a ɗaure da sukurori, idan ba a yi amfani da waya mai rufin kuza ba kuma ba a rufe mahaɗar da kyau ba wata shida a ruwan gishiri za ka ga ta yi kore tana marmashewa. Sauƙi: ga wanda ya iya ba komai, ga sabon hannu akwai ruɗu, wani kamfani ya rubuta A da B wani ya rubuta + da −, launin waya kuma tsofaffin na'urori kowa da nasa, dole sai da littafin kowace a hannu. Akwai kuma tarko ɗaya, tsofaffin na'urori na kafin 1992 waya ɗaya da ƙasa suke amfani da ita, na baya kuma waya biyu masu kishiyantar juna, idan ka ɗauki waya ta biyu ta sabon mai magana ka jona ta da ƙasa kana iya ƙona masa baki. Haɗari kuwa kaɗan ne ta wani gefen, layi ɗaya in ya tsinke shi kaɗai ya tafi, sauran na nan, kuma ba ruwansa da wane kamfani, kusan kowa yana jin yaren.

NMEA 2000, uwar waya da rassanta

Wannan ya fito ne a farkon shekarun 2000, an gina shi a kan CAN, tsarin da ke cikin motoci wanda kwakwalwar inji da ta birki ke magana da shi, an kuma aro da yawa daga J1939 na manyan motocin dizal. Don haka makanikin da ya saba saka kwamfuta a mota ba baƙo ba ne sosai a nan. Gudunsa bit 250,000 a sakan, ya ninka tsohon fiye da sau hamsin, kuma kowa na iya magana kowa na iya sauraro a kan waya ɗaya, har na'ura 50.

Tsarin kamar layin ruwan famfo ne na unguwa. Ana jan uwar waya ɗaya daga gaban jirgi zuwa baya, duk inda ake son na'ura sai a saka mahaɗi mai siffar T a ja ɗan reshe zuwa gare ta. Cikin wayar akwai ja da baƙi na wuta, fari da shuɗi na bayani, sai garkuwa, wato wayar tana kai wuta da magana lokaci ɗaya, ƙananan na'urori kamar eriyar GPS ba sa buƙatar wata wayar wuta. Mahaɗin mai fil biyar ne, ana murza shi ya kulle, ba ya shiga a juye, kuma an yi shi ne don ya hana ruwa shiga.

Amma fa yana da dokoki kuma ba ya yafiya. Reshe kada ya wuce mita 6, jimillar rassa duka kada ta wuce mita 78, uwar waya siririya iyakarta mita 100, mai kauri ta kai 250. Wuta daga bolt 9 zuwa 16 yake so, don haka idan jirginka na 24 ne sai ka sa abin rage wuta, kar ka kuskura ka jona kai tsaye. A ba shi wuta ta wuri ɗaya da fiyus ɗinsa, an fi so a tsakiyar layi don na ƙarshe kar ya samu raguwar wuta. Kowace na'ura an rubuta mata lambar LEN, LEN ɗaya miliamfiya 50 ne, sai ka tara su ka ga ba su fi ƙarfin wayar ba, siririyar amfiya 3 take ɗauka.

Dokar da ta fi kama mutane ita ce ta marufi. A kowane ƙarshen uwar waya akwai ɗan marufi mai ohm 120 a ciki, biyu ne cif, ba ɗaya ba ba uku ba. Gwajin ba wuya, ka kashe wuta ka ɗora mita tsakanin fari da shuɗi, in ka ga 60 lafiya lau, in ka ga 120 marufi ɗaya ya ɓace ko waya ta tsinke a hanya, in ka ga 40 to akwai na uku a ɓoye. Na taɓa haɗuwa da mai 40 ɗin, wani jirgi ne da zurfin ruwa ke ɗaukewa yana dawowa kamar wutar unguwa, mai shi har ya yanke shawarar canza ma'aunin zurfin gaba ɗaya, muka bi layi da tocila muka tarar wanda ya ƙara na'ura a baya ya tsawaita uwar wayar ya sa sabon marufi bai cire tsohon ba, yana nan maƙale a wani T bayan tankin mai. Muka cire shi da yatsu biyu, magana ta ƙare. Ka kuma lura wasu na'urorin auna iska na kan dogon sanda suna zuwa da marufinsu a ciki, in ba ka karanta littafi ba kai ma za ka yi uku.

Maganarsa ba rubutu ba ce irin ta tsohon, saƙonni ne masu lamba da ake kira PGN, misali 128267 zurfin ruwa ne, 129025 wuri, 127488 juyin inji, 127505 yawan abin da ke cikin tanki. Ba za ka karanta su da ido ba sai da na'urar da ke fassarawa, amma yawancin allunan taswira suna da shafin da ke jera maka duk na'urar da suka gani a layi, wannan shafin shi ne abokinka na farko. Wani ƙaramin abu da ke ba da ciwon kai, idan tankunan mai biyu ne kuma duka sun zo da lambar shaida 0 daga masana'anta sai ka ga allura na tsalle tsakanin rabi da cike, sai an shiga saiti an ba ɗaya lamba 1.

Batun sunaye kuma kar ya ruɗa ka. SeaTalkNG na Raymarine da SimNet na Simrad duk NMEA 2000 ne a ciki, bakin mahaɗin ne kawai suka canza, ana sayar da 'yar wayar da ke haɗa su da na gama-gari. Garmin kuwa mahaɗin gama-garin yake amfani da shi. Amma SeaTalk na farko, mai waya uku ja da rawaya da baƙi, wani yare ne daban, sai da akwatin fassara. Sannan gaskiyar da masu talla ba sa faɗa, duk da an ce kowa na jin kowa, saita na'urar tuƙi da kai ko daidaita kamfas ko sabunta manhajar na'ura galibi sai da allon kamfanin da ya ƙera ta. Karanta lambobi dai za a yi tsakanin kamfanoni, ba da umarni ne ke da wuya.

Kuɗi: fakitin farawa mai uwar waya da T biyu da marufai da wayar wuta yana kaiwa wajen dala 100, kowane T da reshe kuma da kuɗinsa, in ka juya zuwa naira ka ƙara kuɗin kawowa za ka ji a jikinka. Sai dai na'ura ta biyar da ta shida ba sa ƙara maka komai sai T ɗaya da reshe ɗaya. Juriya: ya fi tsohon sosai muddin mahaɗan na kirki ne kuma an toshe duk bakin da ba a amfani da shi, na bogi masu arha su ne ke shan ruwa. Sauƙi: minti biyar ka ƙara na'ura. Haɗari: nan ne rauninsa, kowa a kan waya ɗaya yake, in fiyus ɗin layin ya ƙone ko ruwa ya shiga T ɗaya ya haɗa fari da shuɗi to zurfi da GPS da bayanan inji duk sai su tafi tare. Shi ya sa nake cewa a ajiye fiyus da T da marufi na ko-ta-kwana a cikin leda a jirgi, kuma rediyon VHF ya kasance mai GPS ɗinsa a ciki, don maɓallin neman agajin nan ja ba shi da amfani sosai in bai san inda kake ba.

Ethernet da OneNet

Hoton rada da na na'urar neman kifi ta zamani da taswirar da alluna biyu ke rabawa ba za su bi ta NMEA 2000 ba, sun yi masa nauyi. Ethernet suke bi, irin wayar da ke haɗa kwamfutocin ofis, mai bit miliyan 100 ko fiye a sakan, sai dai da mahaɗi mai hana ruwa. Matsalar ita ce kowane kamfani ya yi nasa: Garmin Marine Network, RayNet na Raymarine, NavNet na Furuno, ga na gidan Navico mai Simrad da Lowrance da B&G. Wayar kusan iri ɗaya ce a ciki amma yaren sirrin kowa ne, radar Garmin ba za ta nuna hoto a allon Raymarine ba ko da ka yi dabarar haɗa bakin. Ranar da ka sayi rada to ka yi aure da wannan kamfanin, allo na biyu da na uku duk daga gidansu za su fito.

Don magance wannan ne NMEA ta fito da OneNet, ƙa'ida ta bai ɗaya a kan Ethernet da IPv6, wato tsarin adireshin intanet, mai iya ɗaukar saƙonnin NMEA 2000 da bidiyo har da wuta ta cikin wayar. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai, a kasuwa kuwa kayan da ke ɗauke da shi ba su da yawa tukuna, ni dai ba zan ce wa mai jirgi a nan ya dakata yana jiran sa ba. Manyan jiragen dakon kaya kuma nasu daban ne, suna bin jerin ƙa'idojin IEC 61162, a ciki 61162-1 shi ne ɗan'uwan 0183, 61162-450 kuma na Ethernet, kuma ba mai jirgi ne ke zaɓa yadda ya ga dama ba, masu duba jirgi ne ke da ta cewa.

Kuɗi dai shi ne mafi tsada, wayar kamfani da akwatin rarrabawarsu duk da farashinsu. Juriya mai kyau ce in ka yi amfani da nasu, amma in ka ce za ka yi wayo da wayar ofis mai bakin roba, gishiri zai cinye filolin. Haɗawa tsakanin kayan gida ɗaya ba wuya. Haɗarinsa shi ne ɗaurin da na faɗa, da kuma akwatin rarrabawa da in ya mutu rada ta tafi.

Wi-Fi da Signal K

Shawarar ɗan abokin nawa ba shirme ba ce gaba ɗaya. Akwai ƙananan akwatuna, irin na Yacht Devices da Digital Yacht, da ake maƙalawa a layin 0183 ko 2000 su riƙa watsa bayanin zuwa wayar hannu ko tablet, sai ka buɗe manhaja kamar OpenCPN ka ga jirginka da jiragen AIS a taswira. Masu son ƙwaƙule-ƙwaƙule kuma suna ɗora Signal K a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi, shi buɗaɗɗen tsari ne da kowa zai iya dubawa ya gyara, yana karɓar duka yarukan biyu ya mayar da su irin bayanin da intanet ke amfani da shi, har ka ga batir ɗin jirginka kana zaune a gida idan akwai data.

Kuɗinsa da dama-dama, amma ka gane shi ba ya maye gurbin waya, dole akwai layin da yake ɗebo bayanin daga ciki. Juriya ita ce matsalar, tablet a ranar Legas zafi yake yi ya kashe kansa, allon ba ya ganuwa da tsakar rana, jiƙaƙƙen yatsa ba ya taɓa shi daidai, katin ajiyar Raspberry Pi kuma yana iya lalacewa in ana yanke masa wuta ba zato. Sauƙin akwatin Wi-Fi ba laifi, Signal K kuwa sai mai haƙuri da kwamfuta. Kuma a canza kalmar sirrin da ya zo da ita, musamman in akwatin na iya tura umarni cikin layi.

| | NMEA 0183 | NMEA 2000 | Ethernet na kamfani | Wi-Fi da Signal K |
|---|---|---|---|---|
| Gudu a sakan | bit 4,800 ko 38,400 | bit 250,000 | miliyan 100 ko fiye | ya danganta da akwatin |
| Abin da yake ɗauka | lambobi kaɗan | lambobi da yawa, har na inji | hoto, rada, bidiyo | kwafin abin da ke kan waya |
| Kuɗin farawa | kaɗan | matsakaici | mai yawa | kaɗan zuwa matsakaici |
| Juriya ga gishiri | sai yadda aka yi aikin | mai kyau | mai kyau da wayar asali | rauni |
| Ƙara na'ura | wahala | sauƙi | sauƙi a gida ɗaya | sauƙi |
| In ya lalace | layi ɗaya ya tafi | duka na iya tafiya | rada da hoto su tafi | allon wayar hannu kawai |
| Ɗauri da kamfani | babu | kaɗan | sosai | babu |

To wa ya dace da wanne

Idan kwale-kwale ne ko ƙaramin jirgi mai injin Yamaha Enduro irin wanda ya cika koginmu, kar wani ya sayar maka da uwar waya. Injin nan na kafireto ne, ba shi da kwakwalwar da za ta ba da wani bayani, kuma a Kainji ko tsakanin Lokoja da Onicha abin da ke damun ka shi ne tudun yashi da kututturen itace a ƙarƙashin ruwa. Allo ɗaya mai GPS da ma'aunin zurfi a haɗe ya ishe ka, in kana da VHF marar GPS ka ja masa waya biyu na 0183 daga allon, shi kenan.

Idan sabon jirgi kake haɗawa ko kana da na'ura huɗu zuwa sama, ko injinka na zamani ne mai kwakwalwa kana so ka ga shan mai da zafi a allo, NMEA 2000 kai tsaye, ba sai an yi dogon tunani ba. Ka dai tambaya tun wuri ko injin na buƙatar nasa akwatin fassara, na Mercury mai SmartCraft da injinan dizal masu J1939 galibi suna buƙata.

Idan irin abokina ne, tsoho na aiki sabo na zuwa, ba sai ka tsige komai ba. Akwai tafinta, ƙaramin akwati irin na Actisense, yana juya 0183 zuwa 2000 ya kuma juyo da shi. Kafin ma ka saya ka duba bayan sabon allon, wasu suna zuwa da bakin 0183 nasu. Mu abin da muka yi kenan, muka ja 'yar gajeriyar uwar waya ga allo da AIS, muka bar tsohon GPS yana ciyar da rediyo shi kaɗai ta tsohon layinsa don ko sabon layin ya mutu rediyo na da wuri, muka yanke duk matattun wayoyin da suka kusa cika bokiti. Ma'aunin zurfin in ya mutu nan gaba sai a maye shi da mai 2000.

Idan kana fita teku da dare ko lokacin hazo kana buƙatar rada, to biyu za ka yi, 2000 na lambobi Ethernet na hoto, kuma ka zaɓi kamfanin da ke da wakili ko mai gyara a tashar da kake, ko da allon wani ya fi burge ka a bidiyo. Wi-Fi kuma ga mai son allo na biyu a arha ko mai jirage da yawa da ke son leƙa su daga ofis, a ƙara shi a kan wayar da ke nan, a sa tablet ɗin cikin jakar da ba ta shan ruwa a kuma ajiye shi a inuwa.